Masu Haya Marasa Jiki

Ƙarfe ɗaya na dare a Valparaíso.
A waje kwantenoni sun yi sahu suna jiran safiya.
A nan ƙasa, ɗakin da ake sayen sanyinsa da kuɗi,
daga ni sai shayin da ya huce tun ɗazu,
sai akwatunan ƙarfe shida masu numfashi ta fanka.

Shida ne ga ido. Amma leƙa allon nan:
ɗari biyu da sha ɗaya ke kwana a cikinsu,
kwamfutoci marasa jiki, masu haya,
kowace na rantsuwa gidan nata ne ita kaɗai.
Ba ta san bango ɗaya ke tsakaninta da maƙwabciya ba,
bangon ma rubutu ne.

Wasiƙar kamfani ta zo tun watan jiya:
tsohuwar manhaja ta ci zamaninta,
daga ƙarshen wata ba ruwansu da ita.
Sabuwar, in ji su, ta fi sauri, ta fi tsaro.
Zancen tsada kuwa sun bar wa takardar kuɗi ta faɗa.

To, yau ake ƙaura.
Ba amalanke, ba ɗan dako, ba tulun da zai fashe a hanya.
Ina ɗauke su suna tsakiyar magana,
in sauke su a akwati na gaba kafin su kai aya.
Mai lissafin albashi ta haye tana ƙirga,
ko peso ɗaya bai faɗi ba.
In akwati ya zama kango, in wanke shi,
in sa masa sabon ruhi, in ce su dawo.

Don Baldomero da ya koya mini aikin
ya san kowane faifai da tambarin hannunsa.
Yakan ƙwanƙwasa ɗaya da farce ya ce:
“Nélida, takardun kwastan a nan suke kwance.”
Yanzu an juye faya-fayan duka a tafki guda.
Tambaye ni inda takardarka take,
sai in ce: ka zuba kofin ruwa a teku,
zo ka nuna mini naka.

Akwai wata tsohuwa da ya raɗa wa Chispa,
sunan karyarsa da ta mutu.
Ba wanda ya san aikinta. Ta ƙi tashi.
Sau uku ina roƙonta, sau uku tana jan ja a allo.
Na kashe ta.

Huɗu saura kwata ƙasa ta motsa.
Ba babba ba, irin wadda mu a nan ba ma tashi tsaye dominta,
amma kofin ya yi tafiya shi kaɗai har bakin tebur,
layin ƙaura na kan sittin da uku cikin ɗari.
Na dafe teburin, ina lallashin kaina:
duk abin da ke nan yana da tagwai a Santiago,
ko rufin ya faɗo, harafi ba zai ɓata ba.

Sai na tuna mahaifiyata can saman tudu,
a gidan kwano mai matakala tamanin,
wadda ba ta da kwafi a ko’ina.

Ta ɗauka a ƙara ta biyu.
“Hoton babanki ne kawai ya karkace.
Kin ci abinci?”

Sittin da huɗu. Sittin da biyar.

Da asuba Evaristo mai gadi ya bugo:
sikelin ƙofa ya daina fitar da takarda,
manyan motoci goma sha huɗu na hon.
Na dubi sunan karyar a allo.
Na kunna ta. Na ba ta haƙuri a bayyane.

Ɗari biyu da goma sun kwana a sabon gida.
Ɗaya na nan inda mai ita ya ɗaure ta,
tana gadin ƙofa.
Ni kuma na ɗauki jikina, da ba ya ƙaura sai da ƙafa,
na fara hawan matakala.