Kilo Ashirin da Uku

Maris ya raba, Gombe na tafasa.
Ƙarfe biyun rana kwalta ta yi laushi a Jekadafari,
kaji sun saki baki a gindin dalbejiya,
ni kuwa ga ni a Tsohuwar Kasuwa
ina gwajin rigar sanyi.

Babayo mai gwanjo ya riƙe mini madubi, yana ƙunshe dariya.
"Hajiya, zazzaɓi ne ko tafiya?"
Na ce tafiya, Osaka.
Ya ce, "Ta bayan Inugu?"
Na ce gaba kaɗan.

Zufa na bin gadon bayana
cikin rigar da aka ɗinka wa wani jiki.
Na biya ban taya ba, don in samu in tuɓe.

Yila, abokin aikina a gonar gwaji ta Dadin Kowa,
shi ya je bara waccan, kwas ɗin injin dashen shinkafa.
Ya ce sanyinsu na ƙarshen Maris ba ya sallama.
Rana za ta fito tas, ki ɗauka ta gaskiya ce,
kina fita iskar kogi ta shige ta hannun riga.
Ki sa riga kan riga, ki koma albasa.
Ruwansu ba ya haɗa hadari a gabas,
ba ya aiko ƙamshin ƙasa ya ce ga shi nan tafe,
yayyafi ne mai naci, kamar mai bin bashi.
Laima ki saya can.
Takalmi mai saurin cirewa,
safa kuma, don Allah, marar huji.

Da dare aka ɗauke wuta.
Muka baje akwati a tabarma, tsakar gida,
fitilar waya a bakin Abbati.
Goggo Dija na cusa ƙulli tana kau da kai:
kuka, daddawa, yajin citta, kilishi cikin takarda.
Na zare kilishin, na ce ba ya tsallake iyakarsu.
Ta ce, "Wace irin ƙasa ce ke tsoron nama?"

Sikelin da muka aro daga Tudun Hatsi
har yanzu yana warin buhun wake.
Muka rataye akwatin a reshen mangwaro:
ashirin da shida.
Leshi ya fita. Atamfa biyu suka bi shi.
Takalmin biki ya fita yana harara ta.
Daddawa ta zauna daram, ba mai taɓa ta.

Abbati ya ce, "Wai in muna isha'i, ke asuba ta kusa?"
Na ce haka aka ce, awa takwas ne tsakani.
Ya yi shiru, ya share goshi da gefen riga.
"To tunda ta wajenku rana ke fara bi,
ki ce mata ta rage wuta kafin ta iso."

Sai da na zo naɗe rigar Babayo
na ji wani abu a aljihun ciki:
ɗan guntun tikiti, ya koɗe,
rubutunsa kamar sawun zabi a jiƙaƙƙen yashi.
Ban iya karantawa ba.
Wa ya sani, ko gida zan mayar da ita.
Na bar shi inda na same shi.

Sati bakwai zan yi.
Ruwan farko zai sauka ba na nan,
gara za ta yi fiffike ta kewaye ƙwan ƙofa,
Goggo za ta tara baho a bakin indararo
ta ce da ina nan da na tsaya a ciki, kamar ba babba ba.

Washegari, kafin motar Abuja,
na shanya rigar a kan katanga
har ta sha rana ta ƙoshi, maɓallanta na ƙuna.
Na naɗe ta da zafinta, na danna, na ja zif.
Sikeli bai ce komai ba.