Kati Biyu

Yayana Tanimu yana da kati biyu a aljihu,
ɗaya kore, ɗaya ya koɗe don yawan ɓoyo.
Koren na Talata ne, layin masu suga.
Ɗayan na Alhamis, can ƙarshen baranda,
inda kowa ke kallon takalminsa kada a gane shi.

Daga Ƙofar Gayan zuwa Shika
mota biyu ce, da ɗan tattaki,
ga shi ƙafar hagu ba ta son ƙasa.
Sau biyu a mako. Ku lissafa.

Shekara ashirin yana zuba aska takwas a ƙirjin riga,
allura ta san hanya ko da fitila ta mutu.
Da ido ya fara hazo, zare ya ƙi kafa,
sai ya rufe shago,
ya rufe baki,
ya ba bango fuskarsa.

Likitan Talata ya buɗe gyambo, ya yi tsaki:
"Malam, me ya hana ka shan magani?"
Bai tambaye shi rabonsa da barci ba.
Likitan Alhamis ya tambayi barci, ya rubuta ƙwaya.
Ƙwayar ta buɗe masa ciki,
na same shi da tsakar dare yana kankarar tukunya.
Suga ya hau.
Likitocin nan masallaci ɗaya suke azahar,
takardunsu ba su taɓa gaisawa ba.

A unguwa ƙafar ake zuwa dubawa.
A kawo zogale, a ce Allah ya sawwaƙe.
Ɗayan ciwon kuwa,
Inna ta ce mu riƙa kiran sa gajiya.

Na ƙirga a layin Alhamis:
mai tarin fuka, mai hawan jini, wata mai jego,
kowa da koren kati a ƙasan na sama.

Jiya wata nas, Ladidi, ta karɓi duka biyun,
ta jera su, ta soka musu fil a karkace,
ta ce, "Mutum ɗaya ne, ai."
Tanimu ya shafa wurin da babban yatsa.
Kwana arba'in bai haɗa kalma uku ba.
Ya ce, "Ba haka ake haɗi ba.
Sa mini zare a allura."