Mai Yin Fuskokin Sarakuna

Da ƙyallen lilin da farar ƙasa da ɗanko nake yin sarki.
Kwana huɗu sun ishe ni.
Sumarsa jelar doki ce, daga hannun wani mutumin Megara.
Bakin kuwa a buɗe nake barinsa,
don ba a taɓa kawo mini aikin sarkin
da zai kai yamma bai yi kururuwa ba.

Bana shekarata talatin da ɗaya a bayan dandali,
gindin dutsen Atina.
In bazara ta shigo, teku ya kwanta,
sai gari ya tashi tun asuba ya cika bencunan katako,
da goran giya, da busasshen ɓaure a ƙulle cikin mayafi,
an zo kallon yadda babba yake faɗuwa.

Dameyas ya fi kowa iya ɗaukar aikina.
Ɗan mai ɗinkin taru ne, gajere, ga tabon ƙuna a wuya.
Amma ya sa fuskar nan, ya ɗaga hannu ɗaya,
sai ka ji tsit har can sama inda marasa kuɗi ke cunkushe.
Ya ce: Birane tara ke aiko mini da sha'ir.
Ganuwata tsuntsu ma sai ya huta kafin ya ƙetare.
Na ce a yi, an yi. Wa ya rage?
Dattawa goma sha biyar suna takawa a hankali,
suna cewa: Sannu dai, sannu,
rana ba ta faɗi ba tukuna.

Ba a kashe sarki a idon jama'a.
Ciki yake shigowa, wurina,
ya kurma ihu ta bayan ƙofa, ya miƙo mini kansa.
In cire masa sarki, in sa masa bawa.
Gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya kurɓi ruwa,
ya fita a guje da muryar wani
ya ba gari labarin yadda ya mutu.
Na ga manyan mayaƙa suna share ido da gefen riga.

Shekarar da yaƙi ya koro ƙauyawa cikin ganuwa
annoba ta biyo su.
A bakin rijiya aka tsinci Dameyas, ƙishi ya ja shi can da rarrafe.
Babu wanda ya fito a guje ya sanar.
Matarsa Hediste ta ɗora shi bisa itacen da wasu suka haɗa wa nasu mamacin,
ta juya kafin su ankara.

Fuskar tana nan rataye a ɗakin bauta.
Jiya na leƙa ta.
Fenti ya ɓare a goshi, zanzaro ya yi gini a cikin baki,
amma girar tana nan a ɗage, tana ba da umarni.
Tsumma ya fi mai shi daɗewa.

Ɗazu aka turo mini wani yaro, ko gemu bai gama fita ba,
wai shi ne sarkin bana.
Na ce ya zauna. Na ɗauko zare.
Hannuna na rawa yanzu, sai da na auna goshinsa sau biyu.
Ya tambaye ni ko tana da nauyi.
Na ce, da safe dai ba ta da shi.