Sau Bakwai Suka Nuna Hannun Rabe

Ƙarfe ukun dare a Bagalam.
Wuta ta ɗauke, na tada injin,
benci shida, mutum goma sha tara,
kowa ya ajiye dala ashirin a faranti
ban da Inna Tsahara.
Ita ba na karɓar kuɗinta:
ɗanta ne a cikin akwatin.

Rabe, da ya koyi jifa a bakin tsohon bokiti
da muka ɗaure jikin bedi, bayan lakwal,
wanda ƙafarsa ta gagari takalman Babbar Kasuwa
sai da aka kai wa baduku awo da igiya.
Yau ga shi a ƙasar da ake biyan mutum
don ya zura ƙwallo a kwando.

Saura minti huɗu a tashi,
mai lamba tara ya biyo ta baya
ya dasa masa gwiwar hannu a baki.
Na gani. Wallahi na gani,
can gefen allo, kamar walƙiyar bazara,
kafin kyamara ta kau da kai
irin na maƙwabcin da ba ya son zuwa shaida.

Sai Rabe ya juyo.

Wannan kam ba ta wuce su ba.
Sun nuna ta sama, sun nuna ta ƙasa,
sun rage mata gudu har hannun ya koma
taɓarya a hannun mai gyangyaɗi,
tana sauka,
tana sauka.
Sau bakwai. Ɗan Jimo ya ƙirga da yatsu.

Mutum biyu masu farin wuyan riga na ta zuba,
Mushe Illa, da ke jin harshensu, yana juya mana:
"Sun ce mai lamba tara namiji ne, wasa ne ya yi zafi.
Sun ce Rabe kuma..."
Ya haɗiye sauran, ya dubi Inna.
Ta ce, "Faɗi. Ni na haife shi."
"Sun ce irinsu haka suke,
inda suka fito ba a koyar da haƙuri."

Haƙuri!
Ga matar da ta shekara goma sha ɗaya a bakin kasko
tana matse gyaɗa, tana tara kuɗin mota zuwa Yamai.
Ba ta tanka ba.
Ta matso, ta kama bakin mayafinta
tana goge gilashin daidai leɓensa,
jinin da babu wanda ya tambayi mafarinsa.

Kafin hantsi abin ya cika wayoyin Maradi,
daƙiƙa goma sha biyu, daga dunƙulen hannu ya fara.
An sare wa labari kai
an sake shi yana yawo da ƙafafu.

A teburin Kalla mai shayi na ba da nawa.
Na fara da gwiwar hannun, na daɗe a kanta,
na nuna a leɓena, na sake nunawa,
har shayina ya huce.
Kalla ya ce, "Shi ke nan?"
Na ce, "Shi ke nan."

Ba shi ke nan ba.
Bayan mutumin ya faɗi ƙasa,
Rabe ya ɗaga ƙafar nan, lamba arba'in da takwas,
ya sauke ta a haƙarƙari.
Wannan ma na gani.
Ashe ba a waje kaɗai ake ƙera almakashi ba,
ina da nawa ƙarƙashin harshe.

Da la'asar Inna ta zo aron wayata.
Ta yi ta ringi kafin ya ɗauka.
Ba ta tambayi wa ya fara ba.
Ta ce, "Bakin ya bar ka ka ci abinci?"
Ta saurara, ta gyaɗa kai.
Sannan ta juya mini baya, ta rage murya:
"Na ga abin da aka yi maka.
Ƙafar nan kuma da ka ɗaga,
ba a ɗakina ka koyo ta ba."