Dabaran

An ɗauke wuta a Limancin Kona,
sai sama ta baje kolinta.
Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
ni da Ramlatu da kakanta Mikailu,
wanda ɗinkin aska-takwas ya cinye wa ido.

Ramlatu ta ɗaga waya sama,
wayar ta rubuto sunan jan tauraron nan
da ke lilo bisa rimin maƙwabta.
Ta karanto shi ta hanci, irin na 'yan Samaru:
"Aldebaran."

Tsoho ya ce, "Maimaita."
Ta maimaita. Ya yi dariya har da tari.
"Yaro ya je Turai ya dawo da kwat,
amma tsagar gidansu na nan a kunci.
Tuɓe masa hular gaban ki gani.
Dabaran ne.

Larabawa suka raɗa masa,
matafiya dare, masu kiwon raƙuma.
Ma'anarsa mai biyo baya.
Gida ɗaya suka fito da dabara,
wato duban abin da ke tafe a baya,
da wata kalmar kuma
da ba a faɗa gaban jika.

Wa yake bi? Surayya.
Kakarki Kaza da 'Ya'yanta take ce mata.
Wai ya nemi aurenta, ta ce talaka ne,
ya tattaro 'yan raƙumansa na sadaki
ya koro su a sawunta.
Ita ba ta tsaya ba,
shi bai juya ba.

Sunan ya rabu hanya biyu.
Ɗaya ta bi Bagadaza da Andalus,
inda masu fassara suka haɗiye shi har da hular.
Ɗaya ta keto rairayi cikin gafaka,
kusa da gishiri da takarda,
ta kwana Agadas, ta yi sallah Katsina,
ta shigo mana zaure,
har manomi ke tambayar malam:
Dabaran ya wuce? In fito da iri?"

Ramlatu ta ce, "Baba, malaminmu ya ce
hasken nan ya yi shekara sittin da biyar a hanya."

Ya yi shiru. Ina jin yatsunsa suna ƙirga.
"Ashe ya taso ne shekarar da na bi Zulai
daga kasuwa har Ƙofar Gayan,
tana ɗauke da tallan alkaki,
ni ko sisi babu a aljihu.
Tawa dai ta waiwayo.
Sai bara ta sake yin gaba
ba ta ce in taho ba."

Wuta ta dawo. Yaran unguwa suka kaure da ihu.
Ƙwan lantarki ya share sama tas,
Ramlatu ta ruga sa caji.

Shi bai san an kawo ba.
Fuskarsa na sama,
ya ɗan kauce wa tauraron,
kamar da taki ɗaya
wajen da Surayya take.