Babban Yatsan Kawu Tanimu

Ƙarfe ɗaya na dare a Agege.
Janareton Iya Folake ya yi tari sau uku, ya mutu,
ya bar ni da kwamfuta da caji kashi sha tara.
Malamata tana wata ƙasa inda rana ba ta faɗi ba tukuna,
fuskarta ta daskare a allo, baki buɗe,
data ta ƙi bari ta ƙarasa.

Ga abin da na tsinta kafin ta tsaya:
in mutum ya danna inda bai dace ba,
kar ki ce ya yi kuskure,
je ki duba abin da kika ajiye a gabansa.

Sati biyu na yi ina zana shafin tura kuɗi.
Na zaɓi shuɗi mai sanyi, na ƙanƙance haruffa,
na jera maɓallai kamar ƙwai a kiret.
'Yan ajinmu, da ban san tsayin ko ɗayansu ba,
suka turo mini hoton tafi.

Ran Asabar na hau danfo zuwa Mil Sha-biyu.
Kawu Tanimu na zaune tsakanin buhunan albasa,
shekara talatin a Ikko, bai taɓa ɓatan lissafi ba.
Na miƙa masa waya.
Ya goge hannu a riga, ya riƙe ta nesa da ido
kamar wanda aka ba jaririn mutane.

Rana ta cinye shuɗin nawa tas.
Babban yatsansa, mai kaushi, mai faɗin cokali,
ya sauka kan "tura" da "fasa" lokaci guda.
Ya sake. Ya sake.
Sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba,
ya ce, "Yi haƙuri, 'yar nan, kaina ne ba ya ɗaukar boko."

Mutumin da ke kasa kuɗin buhu arba'in a ka,
yana ciniki da Yarbanci, yana raha da Burokin,
shi ne yake ba ni haƙuri
a kan ramin da ni na haƙa.

Da ƙyar kuɗin gwaji ya tafi. Ya jira.
"To, wa ya ce ya isa?
Nan in na ba mutum, sai ya ƙirga, ya ce sun cika."

A hanyar dawowa na kasa sauke ido daga kwandasta.
Mace ta ce "owa", ya daki rufin mota sau biyu,
direba ya taka birki.
Ba wanda ya karanta littafi kafin ya iya sauka.

Yanzu ga ni, dare ya sake rabawa.
Na share shuɗin.
Na kumbura "tura" ya kai girman albasa 'yar Aliero,
na kai "fasa" can gefe, kamar maƙwabtan da aka raba wa katanga.
Na ɗauki muryata a ƙarƙashin bargo, don karnukan layi,
kalma biyu kacal: sun cika.

A gurbin da aka ce a rubuta wanda ya gwada
na sa sunansa, da shekarunsa sittin da ɗaya.
Babu gurbin da zan sa cewa har yanzu
gilashin wayata yana warin albasa.

Caji kashi huɗu.
Na danna, da'ira tana juyawa, tana juyawa,
ni ma ina jiran wanda zai ce ya isa.