Kalmomin da Zinatu Ta Zaɓa Mini

Shekara ashirin da shida ina gyaran keken ɗinki
a rumfar kwano, bayan Ƙofar Marusa.
Allona jan fenti ne, saura rabin sunana,
sauran ruwan damina ya sha.

Da Zinatu ta dawo hutu
ta ce, Baba, mu buɗe maka shafi a waya,
amma sai ka ba ni kalmomi,
waɗanda mai nema zai rubuta ya faɗo kanka.

Na gyara zama. Na ce rubuta:
Gwani na gwanaye. Aiki sai mai shi.
Injiniyan kekuna na ƙasar Katsina kaf.

Ta yi dariya har wayar ta kusa faɗawa gwangwanin mai.
Ta ce, wa ya taɓa farkawa tsakar dare
ya nemi gwani na gwanaye?
Kirari sai maroƙi, Baba.
Mai nema kukansa yake rubutawa.

Na yi shiru, suka dawo mini ɗaya-ɗaya:
tela Barau, saura kwana uku Sallah,
"Kekena yana tsinke zare."
Matar nan ta Sabuwar Unguwa da goyo a baya,
"Yana tsallake ɗinki."
Yaron da ya kawo kan keke a buhun taki,
"Allura na karyewa, ƙasa na cukurkuɗewa."
Ba wanda ya taɓa sallama ya ce injiniya yake nema.

Muka rubuta su yadda suka fito daga baki.
Ta liƙa Katsina a wutsiyar kowanne
don kada mutumin Legas ya kira in rasa ta cewa.
Ta rubuta ɗinki, ta sake rubuta dinki, ba lanƙwasa.
Na ce wannan ai kuskure ne.
Ta ce mai gaggawa ba ya tsayawa lanƙwasa harafi.
Kalma ɗaya na roƙa a bar mini: amana.
Ta ce ba mai neman ta a waya.
Na ce bar ta dai.
Ta bar ta, can ƙasa.

Kwana tara shiru.
Har na fara ƙorafin kuɗin data.
Ran Laraba bayan la'asar sai ga kira,
wata murya daga Ɓatagarawa:
"Kai ne mai gyaran keke mai tsinke zare?"

Tun ina yaro Sallau ake kirana,
yau an kira ni da sunan ciwon wani.
Na ce ni ne, kawo shi.

Washegari ta sauke shi daga a-daidaita,
tsohon keke, gadon kakarta, in ji ta.
Ta dubi allona mai rabin suna,
ta dubi hannuna baƙi ƙirin da mai,
ta ce sai Juma'a.
Ba ta nemi rasit ba.